Kwano Ɗaya da 'Yar Fari

*Shafi na 9*

Masu turo mini "Malam ci gaba, Malam ci gaba" tun ranar Asabar, duk na gani. Ba jan aji nake ba. Da yatsa ɗaya nake rubutu, shi ma sai na lalubo tabarau. Ga shi nan, a yi haƙuri da ni.

* * *

Ana kiran azahar muka baro asibiti.

Ni a gaban mashin, Naja'atu a baya, ta bar filin da zai ɗauki buhun gero a tsakaninmu. Har muka shigo unguwa ba wanda ya yi ko tari.

Kun ga na rubuta sunanta tsaf. A rubuce ne kawai nake da wannan jarumtar. Shekara ashirin da biyu ke nan da haihuwarta, sunan bai taɓa fita daga bakina ba. Ita ce ta fari. Mu kuwa a gidanmu shanun sun ƙare tun zamanin mahaifina, amma kunyar tana nan ko kofato ba ta rasa ba. "Ke" nake ce mata. In tana nesa, "a kira mini yarinyar nan."

Jiya ta yanke jiki ta faɗi a ajin Islamiyyar da take koyarwa. Ta kwana ana ƙara mata ruwa. Da safe likitar ta sa aka kira ni, ta rufe ƙofa.

"Malam Mijinyawa, ta yarda in gaya maka. Ba azumi kaɗai ne ya kayar da ita ba. Takan hana kanta abinci, in ta fara ci kuma ta kasa tsayawa, sannan ta sa yatsa ta fitar. Ciwo ne. Yana da suna, yana da magani."

Ta faɗi sunan. Bulimiya. Na ce ta maimaita, na rubuta a bayan katin asibiti kamar wanda za a yi wa jarrabawa.

"Ranar Talata za ku je Kano ganin likitan da ya ƙware a kai. Kafin nan, azumi a dakata. Ci sau uku, daidai misali. Wani ya ci tare da ita, in an gama ya zauna da ita awa guda, kada ta keɓe. Na tambaye ta wa take so."

"To?"

"Ta ce kai."

Wallahi sai da na waiga in ga ko akwai wani a bayana.

* * *

Gidan ba kowa. Innarta, matata Furera, tana Kabo kwana shida ke nan wajen jegon 'yar yayarta, ƙananan kuma sun bi ta tunda an yi hutu.

Na yi salla, na tuɓe babbar riga, na nufi murhu. Tukunyar gas ɗinmu ta daɗe da zama kujera. Risho kuma yana saman katanga yana jiran ranar da kalanzir zai tuba.

Na hura icce. Hayaƙi ya gane baƙo ne, ya yi ta bina duk inda na koma.

"Baba, kawo in yi."

"Zauna. Ni nan da kike gani shekara uku na yi ina ciyar da ɗaki guda a kwalejin horon malamai."

"Suna raye?"

Na ɗago. Kanta a ƙasa, tana wasa da bakin hijabi. Ban san tana da ba'a ba. Ina zan sani?

"Biyu suna raye," na ce.

Shinkafa da wake na dafa. Na zuba a faranti ɗaya, na yaryaɗa mai, na barbaɗa yaji, na sa cokali na ja layi a tsakiya kamar ana rabon gona. Na shimfiɗa tabarma a rumfa.

Sai kuma aka zo wajen zama.

Na zauna ina fuskantar gabas. Ta zauna tana fuskantar turken awaki. Farantin yana tsakiya kamar marayan da aka rasa mai ɗauka.

"Ke... bismilla."

"Baba ka fara."

Na fara. Haƙorina na hagu ya yi ƙara.

Ta ɗauki cokali. Ta gefen ido nake kallonta. Ta ɗebo, ta mayar. Ta ware wake uku gefe. Ta goge goshi, alhali ba zafi ake ba.

Da ƙyar loma ta farko ta shiga.

"Waken bai nuna ba," ta ce a hankali.

"Likita ta ce ki ci sannu-sannu. Shi ya sa na dafa wanda ba ya ciyuwa da sauri."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Na ji kamar an ƙara mini girma a wajen aiki.

Loma ta biyu. Ta uku. Kafaɗunta suka sauka.

A ta biyar ne abin ya canza.

Cokalin ya fara sauri. Ba ta taunawa, turawa take. Kafin wannan ta wuce waccan ta iso. Fuskar ta shafe, ba daɗi ba ɓacin rai, kamar ba kowa a ciki. Ta zo kan layin da na ja, ta haye.

"Ke."

Cokalin bai tsaya ba.

"Ke!"

Ko gezau. Cokali na kai da komo, numfashinta na fita da ƙarfi.

Ban shirya ba. Fitowa kawai ya yi.

"Naja'atu."

Cokalin ya faɗi a tabarma.

Ta juyo ta dube ni, bakinta cike, idonta waje. Ni ma na dube ta. Sunan ya yi mini wani iri a baki, kamar na ari takalmin wani.

Ta haɗiye da ƙyar. Sai hawaye.

"Baba, ka gani ko? Ka ga yadda nake?"

"Na ga kin shiga gonata," na ce. "Amma ba komai. Dama na rasa yadda zan yi da ita."

Tana kuka tana dariya, har ta ƙware. Na miƙa mata kwanon sha, na janye farantin na kife shi da wani.

Na ciro waya na duba. Biyu da minti goma.

"Sai uku da minti goma," na ce.

Na jawo butar da ke gefenta na ajiye a bayana.

* * *

Minti biyar na farko ba abin da ya faru. Akuya ta yi atishawa.

Sai ta fara murza cinyarta da tafin hannu. Ta kalli ƙofar banɗaki. Ta kalli ƙasa. Ta sake kallon ƙofar.

"Me kike ji?" na ce. "Gaya mini kamar kina koya wa ɗan aji ɗaya. Ba ni da saurin fahimta."



"Kafin in ci, tsoro. Tun ana jajjage gabana ke faɗuwa."

"To."

"In na fara kuma... shiru. Komai sai ya yi shiru a kaina, Baba. Shi ne kaɗai lokacin da ba na jin kowa. Shi ya sa ba na son tsayawa."

"In kin tsaya fa?"

"Sai in tsani kaina." Ta dafe ciki. "Kamar yanzu. Kamar na haɗiyi kayan sata. Ji nake yana nan a tsaye, yana kumbura, kowa zai gani a jikina."

"In kin fitar?"

"Sauƙi. Kamar minti biyar. Daga nan sai kunya ta dawo ta fi ta farko."

Na gyaɗa kai kamar na gane. Ni da matsalata da abinci tun tasowata ɗaya ce, ba ya isa.

"Yaushe ya fara?"

"Shekarar da aka daina tuwon rana."

Na san shekarar. Kowa ya san ta. Ita ce shekarar da mai ya tashi, komai ya bi shi, Furera ta koma auna hatsi da ƙaramin gwangwani.

"Na ga ba ya isar ƙannena, su Mansura," ta ce. "Sai in ce ina azumi, a raba musu nawa. Kwana biyu, kwana uku. Ranar nan yunwa ta ci ƙarfina, na buɗe kwanon ɗumamen safe don in gutsuri kaɗan. Ban san lokacin da na ga gindin kwano ba."

"Ɗumamen da ya riƙa ɓata..."

"Ni ce."

Na cire hula na shafa sanƙo.

Jama'a, ni ne na zauna na yi bincike a kan ɗumamen nan. Ni, malamin lissafi, mataimakin hedimasta. Na duba murfi, na duba sawu, na yanke hukunci. Na kama kyanwar gidan nan na sa a buhu, na ɗaure a bayan mashin, na kai ta har Getso na saki. Da man da na saya da tsada.

"Baiwar Allah," na ce. "Tana ta kuka a buhu, ashe rantsuwa take."

"Na so in faɗa ranar. Na tsaya a zaure har ka tayar da mashin."

"Da kin faɗa, da ke zan sa a buhun."

Ta rufe fuska da hijabi, kafaɗunta na rawa. Ban san ko kuka ne ko dariya ba, ban kuma tambaya ba.

Biyu da minti ashirin da biyar.

"Sai kumatuna suka fara kumbura," ta ce daga cikin hijabin. "Likita ta ce aman ne ke sa su. Ni ban sani ba. Duk gidan sunan da na shiga sai an ce, kai, gidan Malam ba su san ana tsada ba, kowa na ramewa Naja na ƙara kumatu. In na dawo sai in ƙi cin komai har washegari."

"Azumin Litinin da Alhamis ɗin ke nan."

Ta sauke hijabin.

"Baba, ba nafila ba ce."

"Mece ce?"

"Ramuwa ce."

Ta ce da azumin bara takan cika ciki da sahur har ta kasa miƙewa, in an idar da asuba ta zaga baya. Sai rannan a wajen tafsiri ta ji malam ya ce wanda amai ya zo masa da kansa ba komai, wanda ya jawo shi da gangan kuwa sai ya rama.

"Goma sha tara ne. Nake ta ramawa. In na ɗauki na ramuwar, shi ma sai in ɓata shi. Yanzu ban ma san nawa ba ne."



Abin da ya faɗo mini a rai shi ne majalisarmu ta bakin masallaci. Ranar da ake hirar waɗanda aka kama suna cin abinci da tsakar rana cikin Ramadan, ni ne na gyara zama na ce, "Mu dai alhamdu lillahi, tawa yarinyar sai an roƙe ta take ajiye azumi." Har Alhaji Datti ya ce in sa ta yi masa addu'a. Na dawo gida ina tafiya kamar ni na yi azumin.

"Baba, Allah zai karɓi wani abu nawa kuwa?"

"Ni ba malamin fiƙihu ba ne," na ce. "Amma na san mara lafiya an ɗage masa sai ya warke. Sauran zan tambayi liman, in ce wani ne a Kara."

"Zai gane."

"Ba zai gane ba. Duk tambayar da na taɓa yi masa, ta wani ce a Kara. Yana ganin mutanen Kara sun fi kowa zunubi a ƙasar Gwarzo."

Wannan karon dariya ce sosai. Na ga haƙoranta na gaba, yadda bakinsu ya zaizaye. Shekara biyu suna zaizayewa a gidana, ina nan ina gyara wa 'ya'yan mutane lissafi.

* * *

Biyu da rabi da minti biyar ta miƙe tsaye.

"Baba, fitsari nake ji."

Na dube ta. Gumi ya jiƙa gaban hijabin.

"Da gaske?"

Ta tsaya. Ta kalli butar da ke bayana.

"Ƙarya nake."

"To zauna. Ga aiki."

Na jawo jakata na zazzage takardun jarrabawar 'yan aji huɗu, na ba ta jan biro. Ta zauna, gwiwarta na kaɗawa. Ta duba ta farko.

"Wannan an ce bakwai sau takwas, ya rubuta 'Allahu a'alamu'."

"Ba shi rabin maki. Bai yi ƙarya ba."

Ta yi ta dubawa, tana ja da numfashi kamar mai hawan dutse. Wani lokacin biron ya tsaya, ta runtse ido, ta dafe ƙirji. In ce, "Na gaba." Ta ɗauki na gaba.

Can na kasa haƙuri.

"Me ya sa kika ce ni? Ga Innarki. Ga ƙawayenki."

Ba ta ɗago ba.

"Kada ka ji haushi."

"Faɗi."

"Na san ba za ka kalle ni ba. Na ɗauka za ka zauna kana kallon gabas har in gama, in tashi, ba ka ma sani ba."

An taɓa zagina a taron iyayen yara. An taɓa mayar da ni ƙauye saboda siyasa. Babu wanda ya shige ni kamar wannan, kuma cikin ladabi aka faɗe shi.

Na juya gaba ɗaya, na ba gabas baya.

"To kin yi kuskuren lissafi," na ce. Muryar ba ta fita yadda na so ba.

Ta ɗago. Idon mahaifiyata ne sak a fuskarta. Mutane sun sha faɗa, ina cewa haka ne, haka ne, ban taɓa tsayawa na duba ba.

"Baba, abu ɗaya."

"Ina ji."

"Kada Inna ta sani."

"Haba. Uwarki ce."

"Baba, ita ce ke kankare ƙanzo ta jiƙa ta sha, ta ce ta ƙoshi. Ina kallonta. In ta ji abincin da take hana cikinta a masai yake ƙarewa..." Ta kama bakin tabarma ta murɗe. "Gara in mutu. Wallahi in ta ji ba zan ƙara haɗa ido da ita ba. Kanon ma ba zan je ba."

"Sai yaushe?"

"Sai na warke. Ni zan faɗa mata da bakina. Ka yi mini alkawari."

Ya kamata in ce bari in yi tunani. Mutum mai hankali haka zai ce. Amma yau ne karo na farko da ta taɓa roƙona wani abu ba ta hanyar aike ba.

"Na yi."

"Ka ce wallahi."

"Wallahi."

Ta saki tabarmar. Ta ɗauki wata takardar.

Uku saura minti biyar. Gwiwar ta daina kaɗawa.

"Baba."

"Na'am."

"Kamar yana raguwa."

"Me?"

"Abin. Yana nan, amma ya ɗan sauka." Ta faɗa da mamaki, kamar wadda ta ga ruwa na gudu sama. "Ban taɓa jira na ga ko yana sauka ba."

"Saura kwata," na ce. Na yi kamar ina neman wani abu a jaka, don tabarau ɗina sun yi hazo.

* * *

Sai muka ji tsayuwar mashin a ƙofar gida.

"Salamu alaikum! Ina take? Ina Naja'atun?"

Muryar Yaya Asibi ce, yayar Furera. Muryar da in ta yi sallama a Kabo ake amsawa a Gwarzo.

Ta faɗo gidan mayafi a kafaɗa. Furera na biye da ita, idanu jajur, ta rungume wata jarka a ƙirji kamar jariri.

Furera ta yi turus. Ta ga tabarma ɗaya, faranti ɗaya, cokali biyu. Ta dube ni kamar ta same ni ina rawa a kasuwa.

"Malam, a ce yarinya ta faɗi a kwantar da ita, sai a bakin maƙwabciyarmu, matar Jibirin, za mu ji?"

"Ban so in tayar muku da hankali ba ne. Sannunku da hanya. Ya mai jego?"

"Bar mai jego!" in ji Yaya Asibi. Ta durƙusa ta kama fuskar Naja'atu tana juyawa. "Dubi kumatu. Dubi ido. Furera, ban gaya miki ba? Ai ita wannan sarkin kunya sai jiya ta buɗe baki ta ce mini wata da watanni tana jin kakarin yarinya a bayan ɗaki, ta kasa tambaya."

Naja'atu ta daskare.

Furera ta sunkuyar da kai. "Na ɗauka zai wuce," ta ce.

"Ba ciwon asibiti ba ne wannan, Malam," in ji Yaya Asibi. "Sammu ne. A abinci aka ba ta, shi ne cikin ke ta ƙoƙarin turo shi ya kasa. Tun asuba muke wajen mai magani. Furera har ɗan kunnenta ta bari a can."

Na kalli kunnen Furera. Ba komai sai huda.

Yaya Asibi ta watsar da ruwan kwanon sha, ta karɓi jarkar ta tuttula. Wani jiƙo ne baƙi-ƙirin, warinsa ya cika rumfar.

"Ya ce a ba ta a kan cikakken ciki. Alhamdu lillahi ga shi ta ci. Ta shanye tas, ta yi ta amai har sai abin ya fito. Kullum sau biyu, kwana bakwai."

Furera ta karɓi kwanon da hannu biyu. Ta durƙusa a gaban 'yarta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Ke, daure ki sha. Don Allah. Ki amayar da shi duka ki huta."

Na ga idon Naja'atu a kan kwanon. Na ga fuskar ta fara shafewa. Hannunta ya taso daga kan takardun.

Uku da minti biyu.

"Furera," na ce. "Ajiye kwanon nan."

"Saboda me, Malam?"

Yatsun Naja'atu sun riga sun kama bakin kwanon. Ba ta dube ni ba. A hankali ta ce,

"Baba, ka rantse."

Furera ta juyo.

"Ya rantse a kan me?"